Gyaran Gwaggo Na'inna

A shekarun da kuɗin mai ke zuba kamar marka, Jihar Sakkwato ba ta daɗe da kafuwa ba, duk wanda ya iya gaida manya sai ya wayi gari ɗan kwangila. Alhaji Atiku na Tambuwal aikin kwalbatoci ya samu. Da ya koma Makka karo na biyu, sai ya dawo da talabijin, da akwatin bidiyo, da wata kyamara mai nauyin ɗan akuya, wadda ke da nata akwatin ɗauka da ake ratayawa a kafaɗa. Sau ɗaya ya ɗauki ragunan layya da ita, wuyansa ya sage, ya tura ta ƙarƙashin gado.

Ƙanensa Gidaɗo ne ya jawo ta. Malamin firamare ne, kuma yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta haɗa malamai biyu, da tela, da mai gyaran keke, da duk wanda ba ya da aikin yi ranar Alhamis. Cikin shekara biyu suka ɗauki wasanni uku. Biyu a Tambuwal, na ukun kuwa a Kebbe, garin kakanninsu, sunansa Jakin Maigari Ya Ɓace. Sai Gidaɗo ya yanke shawarar ya haɗa duka ukun a kaset ɗaya mai tsawo, ya sa mai zanen allon shaguna ya zana wa kwalin hoto, a rubuta Fitowa ta Musamman da jan fenti. A ƙarshe kuma ya liƙa wuraren da 'yan wasa suka yi kuskure, wanda ya manta magana, wanda gemun audugarsa ya faɗi. Wannan ya ce shi ne gyara, kamar yadda mai ƙuli-ƙuli ke ɗora maka guda biyu a kan na kuɗinka.

Gidajen da ke da bidiyo a lokacin ba su kai yatsun hannu biyu ba, har da na Jabo da na Kebbe, kuma kowanne ya ce a yi masa nasa. Nan aka samu cikas, don ɓera ya cinye wayar da ke haɗa akwatin da akwati, kuma ba a samun irinta sai an aika Kano. Gidaɗo ya ce ba zai jira ba. Zai kunna wasan a talabijin, ya kafa kyamara a gabansa ta ɗauka, hoto da murya gaba ɗaya. Abin da ake bukata ɗaki mai duhu, wanda hayaniya ba ta kai masa. A duk gidan kuwa ɗaki ɗaya ne haka, na gwaggonsu Na'inna.

Na'inna ƙanwar mahaifinsu ce. A Kebbe aka haife ta, aure ya kawo ta Tambuwal, da mijinta ya rasu Atiku ya ɗauko ta ya ba ta tsohon ɗakin ƙasa na can ƙuryar gida, don ta ce na siminti yana sa mata ciwon gwiwa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai ido kamar na shaho. Babu auren da aka ɗaura tsakanin Tambuwal da Fakku wanda ba ta san wanda aka fara nema ba kafin a dawo kan amaryar.

Gidaɗo ya kafa kayansa, ya toshe taga da tabarma, ya durƙusa gabanta.

"Gwaggo, ni zan tafi makaranta. Ki kore min kaji da yara. Kuma don Allah ko tari kada ki yi, abin ga shina ji."

"Shina ji?"

"Komi. Ko sauro ya wuce sai ya ɗauke shi."

"To Allah shi ba shi lafiya. Ni mi zan ce mishi?"

Kuma har ga Allah ta yi niyyar yin shiru. Ta zauna bakin gado da carbinta tana kallo. Wasan farko ya yi nisa, sai aka zo wurin da Jumare tela ya fito a matsayin matar gida, don ba macen da iyayenta za su bari ta shiga wasa. Ya ɗaura zane a ƙirji, ya ɗauki taɓarya yana taɓa gero a turmi kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci. Na'inna ta haƙura, ta kau da kai, ta sake dubawa.

"Wanga daka na ko susa?" Maganar ta fita kafin ta kama ta.

Ta rufe baki da hannu, ta dubi kyamara. Jar fitilar da ke goshinta tana nan a kunne, ba ta ko ƙifta ba. Na'inna ta daɗe tana kallonta. Tun rasuwar maigidanta ba ta samu wanda zai zauna ya saurare ta haka ba, ba ya katse ta, ba ya cewa yana sauri. A hankali ta sauke hannun, ta jawo kujerarta ta tsugunno kusa da ita.

"Shi kau wancan mai kukan an sace mishi keke," ta ce a hankali, "ɗan gidan Na'iya na. Ranar da anka rufe kakanshi bai yi kuka haka ba."

Da azahar Gidaɗo ya dawo, ya mayar da kaset baya, ya kalli farkonsa kaɗan, ya ga hoto ya fito, murya garau. Ya kashe. Ya ga wasannin nan har sun gundure shi, ba zai sake zama kansu ba. Na'inna tana gefe tana lura da iyakar inda ya duba, ta kuma riƙe wurin a ranta. Daga ranar ba ta taɓa buɗe baki ba sai an wuce nan.

Kowane kaset sai an sake kunna wasan daga farko, saboda haka kowace safiya aikin sabo ne. Kafin Gidaɗo ya fita sai ta tambaye shi, kamar ba komai, "Wagga kaset ta wane gida ta?" In ya ce ta Jabo ce, ranar sai ta bi dangin 'yan wasan da ke da tushe a Jabo. In ya ce ta gidan hedimasta ce, sai ta tsaya kan malamai, wanda ke barci a aji da wanda ya je neman aure da takalmin aro. Ba ta zagi, ba ta kuma taɓa abin da zai raba aure. Amma abin da zai sa mutum ya sunkuyar da kai a majalisa, wannan ba ta bari ya wuce. Wani lokaci ma ba mutum take yi wa ba. Ta kan gaya wa ɓarawon cikin wasa inda zai ɓoye, ko ta yi wa alƙalin gardama, ko ta ce, "Ku dubi bayan nan, akuyar Mardiya ta, kullum tana cikin gonar mutane."

Rannan Gidaɗo ya ce, "Yau ta Kebbe ce, gidan Alhaji Yelwa. Nan duk gari ke taruwa kallo."

Sai da ya fita Na'inna ta sha ruwa, ta gyara ɗaurin kallabi, kamar mai shirin karɓar baƙi.

Wanda ya fito Maigari a wasan Kebbe shi ne Ɗangiwa dillalin shanu, ɗan kawunta, taubashinta. Tare suka tashi gida ɗaya, tun suna yara ba su haɗuwa a rabu ba a yi wa juna tsiya ba. Amma shekaru ke nan ba ta sa shi a ido ba, kuma abin da ke cin ranta shi ne ko gaisuwar mijinta bai zo ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ga shi yanzu a talabijin, ƙato, ya sha rawani, yana daka wa dogarai tsawa su nemo masa jakinsa.

"Mutanen Kebbe, ina gaisuwa," in ji Na'inna, da murya a sake. "Kun ga Maigarinku? Rawanin ga ba nashi na ba, ku dubi yadda yaka zamewa. Ɗangiwa! Suna ya tafi inda ba a aike shi ba. Wanga da kuka gani, talo-talon kakarmu ya taɓa kora shi har saman rumbu, yana ihu a kira mishi innarshi. Kuma ba yaro na ba lokacin, gemu ya fara tsiro mishi. Ni na ɗauki sandar zabori na kore talo-talon."

Haka ta bi shi fage bayan fage. Yadda yake tafiya, yadda yake cin tuwo, yadda ya taɓa sayar wa Bafulatani saniyar da Bafulatanin ne ya kawo ta kasuwa. Da wasan ya zo ƙarshe, Maigari ya samu jakinsa ya rungume shi, sai ta ce, "To, ɗan'uwa ya ga ɗan'uwa. Mu da ba mu da dogayen kunnuwa ba a zuwa gaishe mu, ko mutuwa anka yi muna." Nan muryarta ta ɗan sauka. Ta yi gyaran murya. "In ƙarya nika yi, hanya tana nan, shi zaka shi ƙaryata ni."

Kaset suka watsu. Ba a yi mako biyu ba Gidaɗo ya fara jin daɗin duniya. Inda duk ya bi ana ɗaga masa hannu. Ya ji labarin gidan hedimasta sun aika Jabo a ba su aron nasu, mutanen Jabo kuma suna neman na gidan Alhaji Hassan na nan Tambuwal. Ya yi mamaki, don a saninsa duk abu ɗaya ne a ciki, amma ya ce wannan shi ne ƙarfin wasa mai kyau, mutum ba ya ƙoshi. Har ya fara yi wa matarsa maganar zuwa gidan talabijin na Sakkwato.

Jumare tela ne ya tashe shi daga mafarkin. Ya tare shi bakin kasuwa, ido jajur.

"Malam, ni na fita ƙungiya. Tun safe mutum biyar sunka kira ni Mai-susa. Har surukina."

Gidaɗo ya aro kaset ɗin hedimasta ya kalla daga farko har ƙarshe. Sai ga shi ƙofar ɗakin Na'inna, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Gwaggo! Ban ce miki shina ji ba?"

"Ka ce?" Ta ci gaba da tsintar wake a faifai. "Ai na ɗauka irin jin nan na yaran zamani na, a faɗa musu ta nan ta fita ta can."

"Shekara biyu muna wahala, rana da ruwa! Yanzu ba mai maganar wasa, sai abin da Gwaggo tac ce."

"To ba kai kac ce za ka yi musu gyara ba?"

"Nawa gyaran yana ƙarshe!"

"Naka na ƙarshe, nawa na tsakiya. Wa yam maido kaset ɗinshi?"

Babu wanda ya maido, shi ma ya sani. Ya tsaya yana huci. Na'inna ta ɗago kai ta dube shi, ta ga da gaske abin ya taɓa shi. Ranta ya ɗan sosu. Ta ce masa wurin da ɓarawo ya faɗa rijiya ya yi kyau ƙwarai, ita kanta sai da ta yi salati a ranta, kuma bai ji ta ce uffan a wurin ba, ya je ya duba. Da yamma ta dama fura da nono mai kyau ta aika wa Jumare shagonsa. Ya sha furar, amma bai dawo ƙungiya ba sai bayan sallah.

Ranar kasuwar Tambuwal da hantsi aka ji babur ya tsaya ƙofar gida. Damina ce, hanyar Kebbe ta zama kunu. Ɗangiwa ya shigo da laka har gwiwa, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa. Shi ɗan gida ne, ba mai hana shi shiga. Tun daga zaure ake jin muryarsa.

"Ina tsohuwar ga? Ina mai bakin reza?"

Na'inna ta ji shi. Ta yi maza ta kishingiɗa ta ja mayafi, kamar mai barci.

"Tashi, munafuka, na ga ƙafarki na motsi! Yaran Kebbe duka sun koyi kukan talo-talo. In na shiga kara, Fulani na tambaya ta ko rumbun na nan."

"Wa na wanga?" Ta buɗe ido ɗaya. "A'a, Maigari! An ga jakin?"

Ɗangiwa ya ce shi ba wurinta ya zo ba. Wurin Gidaɗo ya zo, a kafa masa kyamara ya mayar da martani, a kai Kebbe kowa ya ji. Gidaɗo da farko ya ƙi, sai kuma ya dubi tsofaffin nan biyu, ya je ya ɗauko kayansa. Aka shimfiɗa tabarma gindin darbejiyar tsakar gida. Matan gida suka leƙo daga madafa. Ɗangiwa ya zauna ya baje riga, ya dubi kyamara.

"Jama'ar Kebbe, assalamu alaikum. Da farko dai, ba talo-talo ɗaya na ba. Ukku na."

"Ɗaya na," in ji Na'inna daga ƙofar ɗakinta. "Kuma gurgu."

"Ba da ke nika ba! Na biyu, wagga mata da kuka ji, ranar da anka kai ta ɗakin miji, ta ɗauki kanwa ta zuba ma miya a zaton gishiri. Angon kwana ukku shina..."

"Ya cinye ya nemi ƙari!"

Ba ta san lokacin da ta baro ƙofar ɗaki ba. Sai ga ta tsaye kansa tana nuna shi da yatsa, shi kuma yana kare fuska da hula. Ya tono yadda ta faɗa tafki garin leƙen 'yan kokawa. Ta tono yadda aka kama shi yana shan nonon da aka aike shi ya kai wa malam. Matan gida har suna riƙe ciki. Gidaɗo ya dafe kyamara da hannu biyu don kada dariyarsa ta girgiza hoto.

Can sai Na'inna ta ce, ba da wasa ba, "Duk wanga na yafe. Amma Malam maigidana ya rasu ba ka zaka ba."

Ɗangiwa ya sauke hular. "Ni? Ni ban zaka ba? Ranar ukku da kaina niz zo, da buhun gero da goro. Kina cikin takaba, mata sun cika ɗaki, nic ce ba ni kutsawa. Na wuni ƙofar gida. Na bar sallahu a gaya miki. Ke ta ko aike ba ki yi ba ki ce kin gani, nic ce to, an zama 'yan birni."

"Wa kab ba sallahun?"

"Atiku mana. Shi ad da karɓar gaisuwa."

Daidai nan Alhaji Atiku ya shigo da makullin mota a hannu, yana murmushi, ya zo gaida baƙo. Ya ga tsakar gida ta yi tsit, kowa shi yake kallo, har kyamara ta juyo.

"Lafiya?" ya ce.

Abin da ya biyo baya Gidaɗo bai yanke ko kaɗan ba. Tsofaffin biyu suka haɗa kai suka sa babban ɗan kwangila a tsakiya. Ya ce mutane sun yi yawa ranar. Ya ce ya ɗauka ya faɗa. Ya ce geron dai ya tabbata an ci. Daga ƙarshe ya durƙusa da babbar rigarsa ta shadda a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa yana cewa a yi masa aikin gafara. Ɗangiwa ya yanke masa tara: da zarar hanya ta bushe, shi da kansa zai tuƙo Na'inna zuwa Kebbe, ba direba ba.

Bayan kaka aka tafi. Gidaɗo ya riga ya aika da sabon kaset, an ƙara wannan faɗan a ƙarshensa. A gidan Alhaji Yelwa aka ware wa mata la'asar, aka rufe tagogin falo, janareta na ruri a bayan gida. Mata suka cika wurin maƙil, kowa na son ganin mai muryar. Aka zaunar da Na'inna a gaba kan kujera mai laushi, kusa da Hadijatu matar Ɗangiwa.

Na'inna ta ji muryarta a kan wasan ba ta damu ba, har tana gyaɗa kai. Amma da aka zo ƙarshe, sai ga wata 'yar tsohuwa ta faɗo cikin hoto, kallabi a karkace, zanen gida duk ya koɗe, baki ba haƙoran gaba, tana tsalle a kan ƙaton mutum kamar kaza mai 'ya'ya. Na'inna ba ta taɓa ganin kanta tana motsi ba. Madubinta ɗan ƙarami ne, kuma ba ta yi masa magana.

"Wagga fa?" ta ce.

Falon ya fashe.

"Ke ta, Yaya," in ji Hadijatu, tana share hawaye. "Dubi yadda kika murguɗa baki. Haka kika yi tun kina budurwa. Ku dubi zanen, jama'a, gwaggon ɗan kwangila!"

Daga nan mata suka karɓe. Wannan ta ce tafiyar ta uwarta ce, waccan ta ce a'a, ta agwagwa ce. Wata tsohuwa daga baya ta tabbatar da maganar kanwa, ta ce tana cikin 'yan kai amarya. Na'inna ta juya dama ta juya hagu, ta buɗe baki, ba wanda ke jinta. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba a san ko fushi ba ne sai da aka ji tana sheƙa dariya.

Da aka fito ta sa aka kira mata Gidaɗo a zaure.

"Za ka sake ɗaukar wurin nan. Ina da leshi cikin akwati ban taɓa ɗaurawa ba."

"Gwaggo, faɗa ba a sake shi."

"Ana sakewa. Kira min Ɗangiwa, yanzu in tono shi."

Gidaɗo ya ce batir ya ƙare. Ta ce ƙarya yake, ya ce a tambayi Alhaji. Alhaji Atiku kuwa yana cikin mota tun ɗazu, yana jiran a kama hanya kafin rana ta faɗi. Na'inna ta leƙa ta taga ta ce masa ya tafi abinsa, ita sai ta ga dama, akwai gidajen da ba ta shiga ba tukuna. Ta karɓi ƙullin kayanta daga bayan mota ta ɗora wa Ɗangiwa a ka, ta wuce gaba, yana biye yana mita, yana cewa shi dillalin shanu ne ba ɗan dako ba. Sai da azumi ya kusa ta koma Tambuwal.